Jan Da Ya Zuba a Bargon Madam

Akwai labarin da kuka taso kuna ji a gidan nan har kuka haddace shi. Ranar sunan 'yar Bashir ma na jiyo Ummi tana ba ƙawayenta shi suna dariya: wai wata maƙwabciyarmu a Nyanya, Maman Luka, ta ɓata wa matar ogan babanku bargo saboda ganganci, mu dai Allah ya tsare abin bai shafe mu ba. Ni na ba ku labarin a haka, kuma ba haka aka yi ba. Na rubuta muku ƙuruciyata a Zariya, da aurena, da zaman Legas, ban sha wata wahala ba. Wannan kuwa sau uku ina farawa ina yage takardar. Yau dai zan faɗa, ku karanta da haƙuri.

Shekarar da gwamnati ta kwashe kayanta daga Legas ta dawo Abuja, mu ma aka kwaso mu tare da kujerun ofis. Babanku a lokacin mai buga tafireta ne a wata ma'aikata. Kwana biyu muka yi a hanya, Ummi tana 'yar shekara huɗu, Bashir yana goye, keken ɗinkina na aure an ɗaure shi da igiya a bayan mota tsakanin katifa da buhun tukwane. Abin da muka tarar ya ba ni mamaki: tituna masu faɗi kamar filin idi, babu kowa a kansu sai motocin yashi, gine-gine rabi an gama rabi ƙarafa ne a tsaye, duwatsu ta ko'ina. Gidaje kuwa ba su ishi mutanen da aka kwaso ba. Manya aka ba su cikin gari, irin su babanku aka tura su Nyanya, kuma ko a can ba a ba kowa gida shi kaɗai ba. Ɗaki biyu da falo, iyali biyu. Ɗaki ɗaya namu, ɗaya nasu, falo da kicin da banɗaki na kowa da kowa.

Waɗanda aka haɗa mu da su mutanen wajen Kafanchan ne, Kiristoci. Maigidan, Yohanna, masinja ne a ofis ɗaya da babanku, ya kuma riga shi shiga aiki da shekaru. Matarsa Rahila, 'ya'yansu huɗu, babban shi ne Luka, shi ya sa kowa ke ce mata Maman Luka. Ranar farko na shiga ɗaki na yi ta kuka, don ban taɓa haɗa murhu da wanda ba addininmu ɗaya ba. Washegari da safe sai ga ta a ƙofar kicin, doguwa, baƙa, mai wushirya, ta kira ni.

"Maman Ummi, zo ki zaɓi gefen da kike so. Tukwanenki daban, nawa daban. Abin da ba kya ci ba zai shigo kicin ɗin nan ba, na riga na gaya wa Baban Luka."

Kuma bai taɓa shigowa ba. Kafin wata uku mun zama kamar ciki ɗaya. Da azumi, in Bashir ya hana ni sakat, ita ke soya mini ƙosai. Ran Lahadi in sun tafi coci, ni ke duba mata tukunya. Yaran kuwa a falo suke kwana a jere, ba ka gane ƙafar wane ce a kan cikin wane. Ummi ba za ta tuna ba, amma kitsonta na shekarar nan duk hannun Maman Luka ne.

Ita ta koya mini sana'ar da kuka ci kuka sha a cikinta. Bargon ƙyallaye take yi, irin wanda ake yanka guntayen yadi a jera su su ba da zane, a sa auduga a tsakiya, a shimfiɗa wani yadin a ƙasa, sannan a bi shi da ɗinki layi-layi. A wurin mahaifiyarta ta koya, ita kuma a wurin matan mishan na garinsu. Takan shiga kasuwar Wuse ta bi shagunan teloli ta tattaro guntayen atamfa da shadda a buhu. Da hannu take ɗinki, bargo ɗaya sai ya ci mata wata biyu. Da ta ga kekena sai ta riƙe baki. Muka haɗa kai, ita da ido da almakashi, ni da ƙafa a kan keke, abin da aka samu mu raba.

Amma kafin ta bar ni in taɓa almakashi, sai da na yi sati biyu a gaban bokiti. Dokarta ɗaya ce, ba ta kuma ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a ɗinka yadin da ba a jiƙa ba. Kowane launi da bokitinsa. Ruwan ɗumi, ɗan sabulu, gishiri cikin hannu. A bar shi tun hantsi har azahar, a zubar, a sake sabon ruwa. In an ga kamar ruwan ya fara fita fari, sai a jefa farin ƙyalle a ciki su zauna tare. In ƙyallen ya fito fari fat, to a shanya a goge. In ya ɗauki launi ko kaɗan, a koma farko. Wanda kuma aka canja wa ruwa har aka gaji bai daina zuba ba, komai kyansa ya zama tsumman goge ƙasa. Ja da shuɗi su ne masu taurin kai. Wata rana na ce mata ai gishirin nan shi ke kama launi, me zai hana mu ƙara shi mu huta da ɓarnar ruwa.

"Gishiri mamana ta ce a sa, shi ya sa nake sawa," ta ce. "Amma ba shi ke aikin ba, canjin ruwan ne. Launin da zai fita, gara ya fita a bokitinki. In kin riga kin ɗinka shi kusa da fari, ba ki da yadda za ki yi kuma."

Na ce to. Na kuma gane sarai. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin sani ne ya jawo abin da ya biyo baya.

Ogan su babanku darakta ne, Bayarabe. Da aka haifa masa jika, Baban Luka ya kai masa ɗan ƙaramin bargo na barka. Bayan sati biyu, wata Asabar, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, yara suka yanyame ta. Matar ogan ce da kanta, kowa Madam yake ce mata. A Jos aka haife ta, tana jin Hausa sosai, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Direba ya shigo da akwati ya ajiye a tsakar falo. Ta durƙusa ta buɗe, ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Kayan mahaifiyarta ne, wadda ta rasu watanni kaɗan kafin a taso daga Legas. Tsohuwar a ƙarshen rayuwarta farare kawai take sawa: farin leshi, fararen zannuwa da suka yi laushi saboda wanki, da wani ɗankwali da ita marigayiyar ta yi wa ado da allura da hannunta, furanni ƙanana a gefe-gefe.

"Kabarinta yana can, ni ina nan," in ji Madam. "Garin nan ban san kowa ba. Ina so ka haɗa mini su ya zama bargo ɗaya, in rufa da shi."

Sannan ta ciro wani jan yadi sabo dal daga jakarta, ta ce shi take so a zagaye gefen da shi, a kuma ratsa shi tsakanin fararen, don tsohuwar tana son ja lokacin ƙuruciyarta. Ban taɓa ganin ja mai kyan wannan ba. Maman Luka ta tsoma yatsa a kofin ruwa ta murza bakin yadin. Da ta ɗago, yatsan kamar ta yanke. Da motar ta tashi sai ta juyo gare ni.

"Wannan zai ba mu wahala," ta ce. "Amma zai yi, in an bi shi a hankali."

Akwai kuma wata magana da ke yawo a lokacin, wadda ba a yin ta a falo sai a ɗaki. An gama wasu gidaje a Garki, cikin gari, an ce za a ba sashen su babanku guda ɗaya na ƙananan ma'aikata, kuma oga ne zai rubuta sunan wanda za a ba. Kowa ya san Baban Luka ne a gaba, ya fi daɗewa a aiki, ya fi yawan iyali. Babanku ma haka ya ce, ya ce haƙƙinsa ne. Ni ma da baki haka na ce.

Mun wanke fararen, mun yanka, saura jan, sai saƙo ya zo cewa ƙanin Maman Luka ya rasu. Ta haɗa kaya a gurguje za ta yi sati ɗaya a gida. Tana bakin ƙofa da jaka a hannu, idonta jawur, amma sai da ta juyo.

"Maman Ummi, jan nan. Ko ruwa goma zai sha, ki ba shi. Kar ki sa masa almakashi sai farin ƙyalle ya fito fari."

"Je ki kawai, Allah ya ba ku haƙuri. Kamar kina nan."

Famfon gidan tun da muka zo bai taɓa ɗigo ba, tanka ce ke kawo mana ruwa mu tara a duro. Satin nan tankar ta ɗauke ƙafa. Ga yara shida a hannuna, nata da nawa, ga Bashir ya kama zawo na haƙori, nafkin ba ya minti talatin a jikinsa. Ran Litinin na jiƙa jan. Da azahar na leƙa, ruwan kamar zoɓo. Na zubar na sake. Da la'asar na leƙa, zoɓon ne dai, sai ɗan sauƙi. Na ɗaga murfin duro, ruwa bai kai rabi ba. Na tsaya ina kallon bokitin, ina kallon tulin nafkin a baho. Na ce a raina ai mafi yawan launin ya fita, kuma mata irin su Madam ba wanke bargo suke yi kullum ba. Ban ko jefa farin ƙyallen ba, don na san abin da zai gaya mini. Na matse yadin na shanya. Washegari na goge shi, na yanka shi sala-sala, na jera a kan gado ina jin daɗin yadda ya fito.

Tanka ta zo ran Alhamis. A nan uzurina ya ƙare. Duro ya cika, bokitai sun cika, Bashir ya samu sauƙi, kuma saura kwana uku Maman Luka ta dawo. Babu abin da ya hana ni mayar da yankakkun nan cikin ruwa sai ƙyuya da tunanin bakinsu zai zare, in sake gyara, in sake guga. Na wuce su sau nawa a ranar, ina ce wa kaina anjima.

Ta dawo ran Lahadi da yamma, ta rame. Bayan gaisuwar ta'aziyya ta shiga ɗakina ta ga jan a jere. Ta ɗauki guda ta murza shi tsakanin yatsunta, ta daɗe tana murzawa.

"Kin jiƙa?"

"Na jiƙa."

"Ruwan ya fita fari?"

"Tas."

Ta dube ni, ta dubi yadin, ta ajiye.

"To, sannu da aiki. Gobe sai mu fara."

Sati uku muka yi a kansa. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba, kafinsa ko bayansa. Ɗankwalin nan mai furanni muka sa a tsakiya, leshin ya kewaye shi, jan ya ratsa kamar an zana da alƙalami. Ranar da Madam ta zo karɓa, muka warware mata shi a falo, ta kifa fuskarta a kai ta yi ta kuka, ta ce har yanzu tana jin ƙamshin mamanta. Ta rungume Maman Luka, ta rungume ni. Ni kuwa kwanaki suna wucewa hankalina yana kwanciya, har na fara yarda da ƙaryata.

Bayan kamar sati biyar, wata Asabar da hantsi, motar ta dawo. Wannan karon Madam ba ta jira direba ba, da kanta ta shigo da bargon a hannu, da danshinsa, ta watsa shi a ƙasa. Jikanta ne ya yi fitsari a kai aka wanke. Jan ya bi ko'ina. Leshin ya koma kalar ruwan wankin nama, zannuwan sun yi dabbare-dabbare, ɗankwalin tsakiya kuwa furanninsa sun nutse cikin ja, ba ka ko gane su. Mazan suna gida, duk suka fito.

"Wa ya yi mini wannan?" in ji Madam. "Na kawo muku uwata a akwati. Ba ni da wani. Wa ya yi?"

Maman Luka ta durƙusa ta taɓa bargon. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, irin na mai jira. Ni kuma sai na sunkuya na ɗauki Bashir, wanda yake zaune lafiya lau yana wasa da murfin kwano, na shiga jijjiga shi.

"Madam," in ji Maman Luka, "ni na karɓi aikin nan a hannunki. Ki yi haƙuri. Ki bar mini shi in gwada ko zai rage."

"Kar ka sake taɓa kayan mamana!"

Ta fizge shi ta fita. Baban Luka ya bi ta har mota yana ba da haƙuri, hularsa a hannu, ko kallonsa ba ta yi ba.

Bayan la'asar babanku ya kira ni ɗaki. Kun san shi, ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya ƙarya ko da wasa.

"Wa ya kamata ya jiƙa yadin nan a cikinku?"

"Malam, ita ce mai sana'ar. Ni keke kawai nake takawa."

Ku duba maganar nan da kyau. Na zaɓi kalmomin ne yadda in an tsare ni zan ce ban yi ƙarya ba. Babanku ya yarda, don ban taɓa ba shi dalilin da zai ƙi yarda da ni ba. Ran Litinin oga ya kira babanku da Baban Luka yana faɗa, ya tambaya, babanku ya maimaita abin da na gaya masa da zuciya ɗaya. Da sunan ya fito bayan wata guda, namu ne. Babu wanda ya ce saboda bargo ne, kuma babu wanda bai sani ba. Babanku ya dawo ranar jikinsa a sanyaye, ya ce shi wannan gida bai kwanta masa ba, har ya yi tunanin ya je ya ce a ba Yohanna. Ni na hana shi. Na ce rabo ne, ya dubi yaransa.

Ana gobe za mu tashi, muna kicin ni da Maman Luka, tana taya ni naɗe kwanuka a tsofaffin jaridu, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Maman Ummi, ba ki da abin da za ki gaya mini?"

"Kamar me?"

"Shi ke nan. Miƙo mini wancan."

Ita ta ɗora mini kekena a mota. Ta ce Allah ya sa gidan ya karɓe mu.

Gidan kuwa ya karɓe mu. A nan aka haifi Auwal da Nusaiba, a nan kuka yi makaranta kuna tafiya da ƙafa, a nan babanku ya samu ƙarin girma. Su Maman Luka kuma ba su daɗe a Nyanya ba aka sake rabon ɗakuna, suka rasa nasu, suka koma Kurudu, lokacin ƙauye ne sosai, gonaki ta ko'ina. Nakan ji labarinsu a bakin babanku jefi-jefi, yadda Yohanna ke fama da neman mota kullum, yadda ya yi ritaya yana masinja. Ban taɓa zuwa ba. Na buɗe shago a Wuse, daga baya na koma Gwarinpa, na yi suna a kan abu ɗaya: bargon Hajiya ba ya zuba. 'Yan matan da na koya wa aiki sun sha wuya a hannuna a kan bokiti. Kuma abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, in zan tsorata su, labarin Maman Luka nake ba su. Nakan ce na san wata mata gwana, ta yi ƙyuyar canja ruwa sau ɗaya, ta jawo wa mijinta asarar gida. Da sunanta nake faɗa. Na faɗa har ya zauna a bakina kamar gaskiya, kuna gefe kuna ji.

Na yi niyyar gaya wa babanku ba sau ɗaya ba. A Makka ma na yi niyya, muna zaune bayan ɗawafi, na buɗe baki sai na tambaye shi ko ƙafarsa ta daina ciwo. Ya rasu bai sani ba, yana ganin shaidar gaskiya ya bayar a gaban ogansa. Ni na sa mutumin da ba ya ƙarya ya ɗauki ƙarya ya kai ofis. Don haka in kun zauna maganar gidan Garki, ku san yadda aka yi ya zo hannunmu. Ba zan ce muku ga abin da za ku yi ba, duk kun mallaki hankalinku. Amma kada wanda ya sake ambaton sunan matar nan da dariya, ko ina raye ko ba na raye.

Da na fita takaba na ce wa direba ya kai ni Kurudu. Garin ya cika ya batse, sai da muka yi ta tambaya kafin wata mai sayar da doya ta nuna mana. Gida ne na bulo, rabinsa ba filasta. Na same ta a ƙofa a kan kujera 'yar tsugunno tana ɓare gyaɗa, kanta fari fat, idonta ya yi rauni. Na yi sallama sau ɗaya ta ɗago.

"Maman Ummi ce? Muryarki ba ta canja ba."

Ta sa aka kawo mini kujera da ruwa. Ta yi mini ta'aziyya, ta tambayi kowannenku, har Bashir da zawonsa ta tuna. Na tambayi Baban Luka, ta ce shekararsa shida da rasuwa. Ban ma ji ba. Na ajiye kofin na faɗa mata komai, tun daga duro har tankar Alhamis, har abin da na ce wa babanku, har labarin da nake ba 'yan shago. Hannunta bai tsaya da ɓare gyaɗar ba sai da na zo kan na 'yan shagon.

"Na sani," ta ce. "Tun ranar da na dawo. Yadin da ya sha ruwa yakan saki jiki, haskensa ya ɗan kwanta. Wannan yana nan da ƙarfinsa."

"To, me ya hana ki gwada shi?"

"Na tambaye ki, kin ba ni amsa. In na sa shi a ruwa a gabanki, na ce ke maƙaryaciya ce ke nan, ga mu kicin ɗaya, kin riƙe mini yara sati guda. Na ji kunya. Wannan laifina ne, na daɗe da karɓarsa. Ran da Madam ta zo kuma, cewa na yi ni na karɓi aiki. Ban ce ni na jiƙa ba. Na bar miki wuri ki faɗi sauran."

Na ce ta yafe mini don Allah.

"Ni na yafe tun tuni, don in iya yin addu'a. Amma wanda ya kamata ya ji maganar nan ya tafi. Na gaya wa Baban Luka sau ɗaya, a shekarar farko. Ya ce in ji tsoron Allah, na yi ɓarna kuma ina neman shafa wa matar mutane. Ya ce Malam ba ya ƙarya. Daga nan ban sake ba. Duk daminar da ruwa ya shigo mana ɗaki, muna kwashewa da kwano, sai ya ce da yanzu muna Garki. A gaban yara yake faɗa. Ban sake ɗinka bargo ba, Maman Ummi. In na ɗauki allura sai ya tashi ya fita."

Ta share hannunta a zane.

"Abu ɗaya nake so. Luka yana ciki, ya zo duba ni. Ki maimaita a gabansa."

Ta ƙwala masa kira. Ya fito, magidanci da furfura a gemu, malamin makaranta ne yanzu. Ya gane ni, ya rusuna ya gaishe ni da fara'a, har yana tambayar Ummi. Na sake faɗa daga farko, wannan karon ya fi wuya, don ina kallon fara'ar tana barin fuskarsa. Da na gama ko kallona bai yi ba. Ya juya ya durƙusa a gaban uwarsa, gwiwa biyu a ƙasa, cikin ɓawon gyaɗa.

"Mama," ya ce, "mu ma haka muka ɗauka. Duk mu huɗun. Ki yi haƙuri."

Ta ɗora hannu a kansa, ta fara yi masa magana a hankali da yarensu, wanda ba na ji. Na zauna kaɗan, na ga ba ni da sauran wuri a nan. Na tashi na ce na tafi. Babu wanda ya raka ni bakin titi, kuma ban ga laifinsu ba.